Sabuwar Tukunya Ta Amarya Ce

Da yawa a cikinku sun rubuto min bayan abin da na ba ku wancan karon, kuma kusan bakinku ɗaya: me ya sa nake ja wa Horia rai? Wata baiwar Allah ma cewa ta yi idan ba na so in turo mata lambarsa. Na gode. Ba zan turo ba. Amma tunda kun tambaya, yau zan faɗa muku abin da ya tsaya tsakanina da amsar. Maganar tukunya ce.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Ilinca, ina ɗauko wa wata ƙaramar jarida labaran kotu a nan Bacău, kuma ina zaune da mahaifiyata a hawa na uku na benen da aka haife ni. Horia likitan dabbobi ne. Tun lokacin Kirsimeti ya ce in aure shi, a cikin motarsa mai warin maganin tumaki. Na ce zan yi tunani. Har ƙanƙara ta narke ban gama tunanin ba.

Mama ta fara mantuwa. Ba irin wadda ake neman tabarau yana kan hanci ba. A ƙarshen kaka ta ɗora miyar wake a kan gas, ta sa rigar sanyi, ta sauka tashar bas wai za ta taro Baba. Baba ya daɗe da rasuwa. Maƙwabciyarmu ce ta ji ƙauri ta buɗe da makullin da muke ajiyewa a wurinta. Gefen labule ya riga ya kama. Babbar tukunyar Mama mai jan fenti da fararen ɗige-ɗige ta ƙone har gindinta ya tsage.

Yayana Costel yana aikin shimfiɗa tayil a Torino, can ƙasar waje. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, aiki yake yi. Ya sa aka yanke mana gas, ya aiko da sabon murhu, sannan ya aiko da saƙo:

"Wannan ba ya kama da wuta. Amma ki ji ni da kyau. Idan ba ta iya ciyar da kanta da rana lokacin da kike wurin aiki, in na zo bikin Ista zan taho da ita."

Na san ɗakin da zai sa ta. Tagarsa tana kallon babban titi. Matarsa tana fita tun safe, yaran suna makaranta, kuma Mama ba ta jin ko kalma ɗaya ta mutanen can. A nan kuwa ƙafarta ta san kowace matakala, ta san mai burodi, ta san benci da bishiyar da ke ƙofar gida. Likita ya ce abin da hannu ya saba da shi ne yake ƙarshen tafiya. Hannun Mama girki ya sani.

Murhun baƙin gilashi ne shimfiɗe, da da'irori a zane. Ba harshen wuta, ba ja, ba hayaƙi. Shi kansa ba ya zafi, tukunyar yake sa wa zafi, kuma ba kowace tukunya yake kulawa ba. Idan ba ta yi masa ba sai ya yi ƙara kaɗan ya kashe kansa. Na roƙi Costel ya zaɓi mai abin murɗawa irin na tsohon, kuma ya yi hakan. Wanda ya zo haɗawa ya nuna firji da haɓa.

"Ki ciro ɗaya daga cikin waɗancan ki gwada a gindin tukwanenku. Wadda ya manne mata, ta ci. Wadda ya zame, ki shuka fure a ciki."

Ƙofar firjinmu cike take da 'yan maganaɗisun ado da Costel yake kawowa. Na ciro mai hoton hasumiya na zauna a ƙasa da tukwanen Mama. Kusan duk na alminiyam ne, tun na zamanin da take aiki a masaƙa. Ya zame a kan ta miya. Ya zame a kan ta madara. Ya zame a kan 'yar butar kofi ta tagulla. Na bar tukunyar mamaliga, tuwon masararmu, a ƙarshe, duk da na san amsar. Ko da ya manne, gindinta a kumbure yake kamar ƙwarya, ba zai zauna a kan gilashi ba. Bai ma manne ba.

Ranar Asabar Horia ya kai ni babban kanti. Ya karɓi maganaɗisun ya riƙa bin tukwane yana ɗaga su yana manna musu a gindi, fuskarsa a murtuke kamar yana sauraron tumbin saniya.

"Wannan tana da lafiya. Wannan kuma kyau kawai gare ta, ba za ta haihu ba."

"Horia, mutane suna kallonmu."

"Su kalla. Ɗaga wannan ki ji. Idan ta yi miki nauyi, Mama ba za ta iya da ita ba in an cika ta."

Muka zaɓi masu kaurin gindi, shimfiɗaɗɗe sumul, faɗinsa daidai da da'irar da na auno da zare. Masu kunnuwa biyu, ba doguwar mariƙa da hannun riga zai kama ba. Na dage sai masu murfin gilashi, don tunda babu wutar da za ta gani, gara ta riƙa ganin tafasa. Yarinyar da ke kan na'ura ta dube mu, ta dubi kwalin, ta yi mana addu'ar da ake yi wa sababbin aure.

"Allah ya sa gidanku ya zama na dutse."

"Amin," in ji Horia, da ƙarfi.

Ni kuwa na tsaya karanta bayan kwalin kamar akwai labari a jiki.

Mama ta yi murna da su. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ga fuskarta a jikin babbar ta gyara gashinta. Na nuna mata yadda ake ɗorawa, na murɗa, ruwa ya tafasa kafin ta gama mamaki. Na kwanta ranar da sanyin zuciya.

Ranar Litinin na dawo daga kotu da la'asar. Na same ta tsaye a kicin, riƙe da muciya. Tsohuwar tukunyar tuwonta tana kan gilashin a karkace, da ruwa da gishiri a ciki, sanyi ƙalau. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Ya ƙi tafasa, uwata," ta ce. Haka take kirana tun ina ƙarama. "Ko hannuna ne ya mutu?"

"Hannunki lafiya lau. Ina sababbin tukwanen?"

"Waɗanne?"

Na duba kabad, na duba baranda, har cikin injin wanki na leƙa. A ɗakinta na same su, cikin adakar katakon da ke ƙarshen gado. Wannan adakar tun ina firamare take cika ta: tawul masu ɗinkin hannu ja da baƙi, rigunan filo, dardumar ulu da Kaka ta saƙa, cokula da ko sau ɗaya ba su taɓa shiga baki ba. Ga tukwanen nan a tsakiya, kowace an naɗe ta da jarida, an ɗaure murfinta da zare.

"Kar ki taɓa," ta ce daga bakin ƙofa. "Na Ilinca ne. Ba a girki da kayan ɗakin yarinya."

"Mama, ai ni ce Ilinca."

"To da wa na ce? Shi ya sa na ajiye miki."

Ba ruɗewa ta yi ba, ku gane. A gidanmu, da gidan da ta fito, duk abin da ya shigo sabo yana ƙyalli ba na amfani ba ne, na 'ya mace ne, sai ranar da za a kai ta. Ta manta abubuwa da dama, wannan kuwa yana nan daram.

Na fito da su da safe, na dawo na same su a adaka. Na ɓanɓare tambarin jikinsu. Adaka. Na goge ɗaya da soson ƙarfe har ta dushe, Horia ya kawo shawarar mu turara gindinta da kyandir ta yi baƙi. Mama ta wuni tana dirzar ta da toka da lemun tsami, ta dawo da ita fes.

"Wani mara tarbiyya ya ɓata miki tukunya," ta ce. "Na gyara."

Abincin da nake dafawa in ajiye mata ba ta ɗumamawa, don babu tukunyar da za ta ɗumama a ciki, kuma ta ce abincin jiya na marasa lafiya ne. Burodi take ci da cuku, wani lokacin ko shi ba ta tunawa. Ranar da zaman kotu ya tashi da wuri nakan rugo gida da tsakar rana, amma alƙalai ba sa duba agogo saboda uwar kowa. Na fara ganin ta maƙala fil a ƙugun siket ɗinta don kada ya zame.

Costel yana kira ta bidiyo duk Lahadi. Idonsa na mai auna bango ne.

"Ta rame," ya rubuto bayan ya kashe.

"Hasken wayar ne."

"Ilinca."

"Ina kan gyarawa."

"Kuma idan kin auri mai shanun nan fa? Wa zai zauna da ita? Ki bar ni in ɗauke miki. Ke ma ki yi rayuwarki."

Na kife wayar. Ga amsar da kuke nema, masu karatu. Duk ranar da na ce wa Horia to, na ba Costel hujja. Duk ranar da ban ce ba, ina kallon mutumin kirki yana jira a cikin mota a ƙofar gida, yana yin kamar rediyo yake saurare.

Horia ne ya fara gano bakin zaren. Muna zaune a bencin ƙofar gida, yana cin 'ya'yan kabewa yana tara ɓawon a aljihu.

"Mun yi ta neman tukunya mai kyau," ya ce. "Ita kuwa tsohuwa take so. Wadda ba za a kai amarya da ita ba ko da wasa."

"Tsohuwa, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wadda maganaɗisu yake kamawa."

"Kicin ɗin tsakar gida na uwata cike yake da su. Murhun itacenmu na ƙauye faranti ne a samansa, duk tukwanenta a daidaice suke."

"A'a."

"Ilinca…"

"Za ta tambaye ka dalili."

Doamna Profira, mahaifiyarsa (Doamna muke ce wa babbar mace don girmamawa), sau ɗaya na taɓa ganinta, a bikin coci, daga nesa. Tun farko na roƙe shi kada ya gaya mata halin da Mama take ciki. Na san tambayoyin da ake yi a ƙauye idan an ji irin wannan. Ana gadonsa ne? Wa zai yi jinya? Ɗanmu mata zai aura ko asibiti? Ba na so a zauna a bakin rijiya ana juya sunan Mama.

Don haka ranar Lahadi muka tafi kasuwar gwanjo ta bayan gari. Na sa tsohuwar rigar ruwan Baba da takalmin roba, don taɓo ne ko'ina. Tukwane kam akwai, jibge a kan tabarmin leda tsakanin tayoyi da tsofaffin rediyo. Mai kyan fuska ta huje. Mai lafiyar ciki gindinta ya bauɗe, idan aka ajiye ta a kan katako sai ta riƙa rawa. Muka sami wata baƙa mai nauyi, maganaɗisu ya kama ta gam, na ɗaga murfin sai warin man inji ya buge ni.

"A wanke kawai, 'yar uwa," in ji mai kayan. "Surukata da ita ta yi girki har ta mutu."

"Da alama ita ta kashe ta," in ji Horia.

"To ka saya wa taka mana!"

Muka koma mota hannu wofi. Bai tayar da injin ba. Ruwa yana sauka a gilashi. Na tuna fil ɗin nan a ƙugun siket.

"Ka gaya wa mahaifiyarka," na ce. "Duka. Da gobarar, da tashar bas, da adakar. Kada ka rage komai don ta ji daɗin ji."

Washegari ina zaune a bayan ɗakin shari'a ana karanta ƙarar wasu maƙwabta kan katanga, wayata tana kan cinyata, sai ga saƙon Horia.

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"Ta tambaye ni faɗin da'irar murhun."

"Shi ke nan?"

"Ta ce Asabar."

"Za ka kawo ranar Asabar?"

"Za ta kawo."

Ban san yadda aka ƙare da katangar ba. Sai da na kira magatakarda daga baya.

Ranar Asabar na canza kaya sau da yawa fiye da yadda zan amsa a gabanku. Na ƙare da siket mai ruwan toka da farar riga mai ƙananan maɓallai, na ɗaure gashina baya. Na ce wa Mama za mu yi baƙuwa, ta sa shuɗiyar rigarta mai farar kwala, ta maƙala 'yar tsuntsuwar azurfa a ƙirji. Kafin a ƙwanƙwasa ta tambaye ni wa zai zo har na daina ƙirgawa.

Doamna Profira gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, da ɗankwali mai furanni ɗaure a ƙarƙashin haɓa da baƙar rigar sanyi ta zuwa coci. Horia yana bayanta, yana haki da wata jaka mai gida-gida. Na sumbaci hannunta. Ta dube ni sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ta wuce ni kai tsaye wurin Mama.

"Doamna Aglaia, ki yafe min, na zo miki babu ko kunya. Alfarma nake nema."

Mama ta miƙe zaune. An daɗe rabon da wani ya nemi wani abu a wurinta.

"Sanyi ya kama min wuyan hannu, ba na iya tuƙi. Wannan ƙaton kuma ya ishe ni, wai bai taɓa cin mamaliga irin taki ba. A gaban idona yake faɗa, ni da na haife shi. Na ce to bari in zo in gani. Ga tukunyata, ga garina, niƙan bana."

Ta buɗe jakar. Baƙar tukunyar ƙarfe ce ta zubi, mai kunnuwa biyu, tsufa ya sa jikinta ya yi santsi. Ƙarƙashinta akwai wata shuɗiya mai fenti, bakinta duk ya ɓantale. Ina tsaye da maganaɗisu a tafin hannuna, ina neman yadda zan gwada ba tare da an gani ba. Doamna Profira ta ce, ba ta ko juyo ba:

"An gwada, 'yata. Tun ranar Talata yake bin kayana da abin nan kamar ɗan sanda."

Mama ta karɓi baƙar, ta juya ta, ta sa yatsa ta shafo cikinta ta duba.

"Wa yake riƙe miki da tukunya haka? Ba kya shafa mata mai in kin wanke?"

"Ina shafawa mana."

"Ba ya isa. Dubi nan. Ku mutanen ƙauye, kuna da kaya ba ku san darajarsa ba."

"Ku kuma na birni kuna da baki ba ku da masara."

Mama ta yi dariya. Ta tashi, ta ɗauko gyalen girkinta a bayan ƙofa ta ɗaura a kan rigar fita. Ta zuba ruwa ba tare da ta auna ba, ta jefa gishiri. Ta fara jan tukunyar a kan gilashin, na buɗe baki, Doamna Profira ta riga ni.

"Ɗaga ta, 'yar uwa, kar ki ja. Ba ta son a ja ta, halin mai ita gare ta."

Mama ta ɗaga ta ajiye a tsakiyar da'ira, ta murɗa. Murhun bai yi ƙarar ƙin yarda ba. Wani ɗan gurnani kawai ya fara, can ƙasa. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tukunyar.

"Ina wutar?"

"Tana ciki. 'Yar birni ce, kunyar baƙi take ji."

Ruwan ya fara motsi. Daga nan babu wanda ya sake gaya wa Mama komai. Ta barbaɗa gari kaɗan a sama ta jira ya yi kumfa, sannan ta riƙa sakin sauran ta tsakanin yatsunta, ɗaya hannun yana juya muciya. Da ya fara kauri yana tsalle, ta rage da kanta. Doamna Profira ta naɗe hannuwanta da tsumma ta riƙe mata kunnuwan tukunyar, wuyan hannun da aka ce sanyi ya kama bai ko girgiza ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana tuƙi ɗaya tana riƙo, suna gardama kan ko ana sa man shanu ko ba a sawa.

Ni da Horia muna bakin ƙofa, don kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum huɗu. Na ɗaga waya ina ɗauka. Ya sa hannunsa a ƙarƙashin gwiwar hannuna ya tallafe.

Mama ta daidaita saman tuwon da bayan cokali, ta bar shi ya ɗan yi shiru, sannan su biyun suka kife tukunyar a kan faifan katako. Ya fito gaba ɗaya, rawaya, yana tururi, ko tsaga babu. Ta ciro zare daga aljihun gyalenta ta yanka.

Muka ci da cuku mai gishiri da kindirmo da soyayyen ƙwai. Mama ta ci biyu, ta ƙara wa Horia ba tare da ta tambaye shi ba, ta ce masa ya rame, wanda ba gaskiya ba ne.

Da za su tafi, Mama ta wanke tukunyar, ta shafe ta da mai, ta miƙa.

"Bar ta a nan tukuna," in ji Doamna Profira. "Ba ba ki na yi ba fa, kar ki sa rai. Aro ne. Duk ranar kasuwa ina shigowa gari, zan biyo in ga yadda ake riƙe min ita. Shuɗiyar ma ki riƙe, ta miya ce."

Na zuba ido in ga inda Mama za ta nufa da su. Ta tsaya tana dubawa, sannan ta ɗora su a kan murhu, kowace a da'irarta.

"Kayan mutane ba a kai shi ɗaki," ta ce min. "A bar shi inda ido yake gani."

Na raka Doamna Profira matakala, Horia ya yi gaba don ya juyo da mota. A hawa na biyu ta tsaya tana gyara ɗankwali.

"Ciwon nan ba ya warkewa, kin sani."

"Na sani."

"Wata rana tukunyar ma ba za ta gane ta ba."

"Na sani, Doamna."

"To. Ya ce min idan kin yarda nan zai tare, ba zai raba ki da ita ba. A ƙauye za su ce na aurar da ɗana kamar 'ya mace, har su tambaye ni ko na yi masa kayan ɗaki. Su faɗa. Bakinsu ne."

Horia bai taɓa gaya min haka ba. Ko kuwa ya so ya faɗa, ni ce ban taɓa bari maganar ta kai nan ba.

"Ban ba shi amsa ba tukuna," na ce.

"Wa ya tambaye ki? Ni tukunya na kawo."

Na tura wa Costel bidiyon. Alamar ya gani ta fito. Can sai ga shi:

"Ku ajiye min ƙanzon."

Sai wani:

"Wannan da mutane a kanta ne. Ki nuna min ranar da take ita kaɗai."

Gaskiyarsa ce, kuma na ji haushin hakan.

Ranar Litinin na bar gari a kan tebur, na bar muciya kusa da shi, na fita. Shari'ar ranar ta ja har bayan azahar. Ban kira gida ba, don ƙarar waya tana ɗauke mata hankali daga abin da take yi. Na sauka daga bas na taho da sauri, na shiga bene. Tun a hawa na farko na ji ƙamshin masara. Ba ƙauri ba. Na tsaya a wurin na riƙe ƙarfen matakala har numfashina ya dawo.

Tana zaune a teburin kicin, ta ci, ta rufe sauran da tawul. Murhu a kashe. Baƙar tukunyar tana kansa, an jiƙa ƙanzon da ruwa. Na ɗauki hoto na tura wa Costel ban rubuta komai ba. Amsarsa ta zo kafin in cire takalmi.

"Ban fasa zuwa ba. Amma ban yanki tikitinta ba. Za mu zauna."

A wurin Costel wannan doguwar magana ce.

Mama ta yanko min tuwo ta tura min cuku. Tana kallona ina ci. Ranar idonta a buɗe yake tar, irin ranakun da yanzu nake karɓa kamar kyauta.

"Yaron nan mai warin tumaki," ta ce. "Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Yaushe?"

"Tun Kirsimeti."

"Kika ce me?"

"Na ce zan yi tunani."

Ta ajiye zaren da ke hannunta.

"Saboda ni."

Na ci gaba da gutsuttsura cukun.

"Kina tsammanin ban sani ba? Ina sane, uwata. Abubuwa suna fita daga kaina kamar ana kwashe kaya daga ɗaki, in juyo in ga wurin wayam. Na san akwai ranar da zan dube ki in tambaye ki 'yar gidan wa ce. To ni ba na so a yi abin nan a ranar. Ina so a yi shi yau, da na san ke ce, na kuma san ni ce. Kina son sa?"

"Ina son sa."

"Kira shi. Ina zaune."

Na kira. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma sai kukan saniya a bayansa da muryar wani tsoho yana cewa a riƙe mata ƙafa.

"Ilinca? Lafiya? Mama ce?"

"Mama lafiya lau. Ta yi tuwo."

"Ita kaɗai? Kai, mun gode Allah… tsaya, riƙe nan, kawu, riƙe! Ina jin ki."

"Horia, na gama tunanin."

Saniyar ma kamar ta saurara.

"To?"

"To."

Abin da ya faɗa bayan wannan ba na jarida ba ne, ba kuma naku ba ne. Zan dai gaya muku cewa tsohon nan na ji shi yana ihu wai likita ya saki igiya.

Na ajiye wayar. Mama ta goge idonta da gefen gyale, ta tashi ta zo ta riƙe kaina a ƙirjinta, 'yar tsuntsuwar azurfar tana soka min kumatu. Har yanzu tana jikin rigar tun ranar Asabar.

"Idan na tambaye ki gobe, kada ranki ya ɓaci," ta ce. "Ki sake gaya min kawai. Ni ce da riba, zan sake yin murna."

Washegari da safe ina ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa, ta fito daga kicin da muciya a hannu.

"Uwata, yaron nan mai warin tumaki. Ya yi magana kuwa?"

Na ajiye jakata, na zaunar da ita, na gaya mata tun daga farko.